Motar da Ke Ɗumama Maruƙa

A hannun Arvid Solheim na sayi motar da ba mota ba. Haka mijina Leland yake kiranta, kuma ba zan ce ya yi mata ƙazafi ba. Ƙarafuna ne aka yi wa walda suka zama ƙashin mota, sai gangar jiki ta roba mai tauri da ko fenti ba ta taɓa gani ba, sai kwalaye cike da notuna da ƙananan tarkace. Babu inji, babu giya, babu birki, babu taya. Masu ƙera irinsu haka suke sayarwa: su ba ka jiki, kai kuma ka nemo tsohuwar mota mai lafiyayyen inji ka farke ta, ka kwashe kayan cikinta ka zuba wa sabuwar. Mu da muka ɗora wa kanmu wannan wahala muna kiran tsohuwar da motar yanka. Duk wanda bai samu motar yanka ba bai fara komai ba, ko da kwalaye sun kai masa rufin gareji.

Sunana Noreen, kuma motar ɗaukar 'yan makaranta nake ja a garinmu, nan Dakota ta Arewa, a Amurka. Shekara da shekaru ke nan ina fama da doguwar mota ruwan ɗorawa wadda ba ta san sauri ba, yara na ihu a bayana, ni kuma ina tsayawa a ƙofar kowace gona. Ina son aikina, kada a yi mini wata fassara. Amma tun ina budurwa raina ke biya mini 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda ba wanda zai zauna a baya ya manna mini cingam a gashi. Da 'ya'yanmu suka girma kowa ya kama gabansa, na ce wa Leland lokaci ya yi. Ya ce in dai ba za a taɓa masa lungun da yake renon tumatirinsa ba, sauran garejin nawa ne.

Shi Arvid a rumbun hatsin garinmu ya yi aiki har ya tsufa, kuma aikinsa duba alkama ne. Manomi ya kawo mota shaƙe, shi ya cusa hannu ya ɗebo, ya shinshina, ya tauna, ya nemo aibu. Ko alkamar ta fi ta kowa kyau a shekarar, sai Arvid ya samo mata abin faɗa. Ya sayi kayan motar nan tun gashinsa yana baƙi, ya shiga neman motar yanka, har kansa ya yi fari fat bai ga wadda ta kwanta masa ba. Da gwiwoyinsa suka ƙi, ya sayar da gidansa ya koma wani ɗan ɗaki kusa da coci, inda ko keke ba shi da wurin ajiyewa. A nan ne ya sallama mini kayan, amma da sharaɗi guda.

"Duk inda za ki je duba mota, da ni za a je, direba," in ji shi. "Ba zan zauna ina kallo a cuce ki ba."

Na amince da murnata. Na iya canza baƙin mai, na iya ɗaure birki, amma sauraron inji wani ilimi ne daban, kuma kowa a garin ya san kunnen Arvid.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, duk masu wannan harka sun san ta: ba a sayen inji sai an ji tashinsa da sanyi. Inji in ya kwana bai yi aiki ba, tashin farko shi ke tona asirinsa. In akwai ƙwanƙwasa a ciki a lokacin za a ji, in yana cin baƙin mai a lokacin zai tofar da shuɗin hayaƙi. Da ya yi ɗumi kuwa, sai ya lulluɓe komai ya riƙa yi maka daɗin baki. Saboda haka kafin mu je ko'ina sai Arvid ya sa na buga wa mai motar waya na roƙe shi kada ya tayar da ita. In mun isa, gaisuwa ma a tsaitsaye yake yinta. Ya ɗaga bonet, ya cire safar hannunsa ta dama, ita kaɗai, ya ɗora tafinsa a kan murfin inji. In ya ji ɗumi ko kaɗan ne, ya mayar da safarsa, ya rufe bonet, ya ce mu tafi.

Kuma ba zan ce dokar banza ba ce. Akwai wani saurayi mai fara'a da ya rantse mana bai taɓa motarsa ba tun jiya, alhali injin da ɗuminsa. Arvid ya ce za mu jira ta huce. Muka je muka sha kofi muka dawo, aka murza makulli, sai ga hayaƙi ya turnuƙe unguwar har maƙwabta suna leƙe. Ranar na ji kamar in ɗauki dattijon nan in goya shi.

Haka muka ci lokacin sanyin nan kaf, kowace Asabar muna kan hanya a a-kori-kurar Leland. Muka ga wadda mai ita ya fito da ita daga gareji don mu gan ta da kyau, Arvid ya ce ɗumi ɗumi ne, ba ruwansa da dalili. Muka ga wadda injinta sanyi ƙalau, ta tashi lafiya, amma ta zauna a garin da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ya leƙa ƙarƙashinta ya ce tsatsa ta riga ta mayar da notunan ƙasa. Muka ga wadda aka wanke injinta tas, ya ce ba mai wanke inji sai mai ɓoye yoyo. Muka ga wadda ba a wanke ba, ya ce wanda bai iya goge inji ba ina zai tuna da baƙin mai. Kowace mota da tata, kuma in ka saurare shi sai ka ga kamar da gaskiyarsa.

In mun baro wurin, sai mu tsaya a gidan abinci na bakin hanya. Shi ya sa a kawo masa kofi da kek ɗin madara da ƙwai, irin na kakanninmu, ni kuma miyar dankali mai curin fulawa. A nan Arvid yake sakewa. Ya ba ni labarin manoman da suka yi ta ƙoƙarin yi masa wayo da jiƙaƙƙiyar alkama, ya kwaikwayi muryar kowannensu, in yi ta dariya har miya ta sarƙe ni. Gaskiya na ji daɗin Asabar ɗin nan. Hanya shimfiɗe, gonaki fari fat da dusar ƙanƙara, hita na hura mana ƙafa, ba yaro ko ɗaya a bayana. Sau da yawa nakan dawo gida ban ma tuna cewa hannu wofi na dawo ba.

Leland ne ya farkar da ni, kuma ba da niyya ba. Wata rana na shiga gareji sai na tarar ya jera farantan irin tumatirinsa a kan gangar jikin motata, tun daga hanci har baya, wai nan ne hasken taga ya fi sauka. Na hau faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ya ga teburi ne mai kyau ba mai amfani da shi. Da muna cin abinci kuma na fara ba shi labarin motar da muka ƙi a ranar, sai ya ajiye cokali ya dube ni.

"Noreen, kin san kin fara magana kamar Arvid kuwa? Har da ɗaga gira."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ni hutun makaranta na bazara shi ne kaɗai lokacin da nake da shi na kwance mota da ɗaura wata. In hutu ya zo ba motar yanka a ƙofar gidana, shekara ta tafi ke nan. Kuma na ga yadda shekara ɗaya take zama furfura, don kowace Asabar tana zaune a gefena tana shan kofi. Tsoro ya kama ni sosai, tsoron kada wata rana ni ma in sayar wa wata da kwalayen nan, in ce mata da ni za a je.

Ana cikin haka matar likitan dabbobi ta tare ni a bakin coci, ta ce akwai wata mai kiwon shanu, Twila Berreth, can yamma da kogi, tana da irin motar da nake nema. Mai silinda takwas ce, ba ta yi tafiya da yawa ba, itace ne ya faɗo mata a baya lokacin wata guguwa ya murƙushe ta. Ga mai neman motar yanka, wannan labari ya fi kiɗa daɗi: baya ya lalace, gaba lafiya. Na buga wa Twila waya, na yi mata roƙon da na saba, cewa don Allah kada ta tayar da motar kafin mu zo. Sai na ji ta yi wata 'yar dariya. Ta ce wannan ba a hannunta yake ba, kuma in yi haƙuri saniya na kiranta. Ta ajiye waya.

Ƙarshen sanyi ne lokacin, irin wanda rana ke fitowa ta yaudare ka amma iska na yanka fuska. Muka tarar da motar a jikin rumfar shanu, an lulluɓe bayanta da tamfol, an ɗaura wa salansarta wani dogon bututu da ya zagaya bayan rumfar. Arvid ya ɗaga bonet, ya cire safar dama, ya ɗora hannu. Ko daɗewa bai yi ba ya janye. Ba ɗumi ba ne ma, zafi ne. Ya mayar da safarsa, ya rufe bonet a hankali, ya ce mu tafi.

Kafin mu juya sai ga Twila ta fito daga rumfa, gajeriyar mace kakkaura, takalman roba har gwiwa, hannayen rigarta a naɗe duk da sanyin. Ta zo ta buɗe ƙofar motar. An cire kujerar gefen direba da ta baya, an shimfiɗa ciyawa da tsofaffin barguna, kuma a kai ga ɗan maraƙi baƙi kwance, jikinsa bai gama bushewa ba, yana kallonmu da manyan idanu.

Ta ce da asuba aka haife shi, uwar ta zaɓi ta haihu a waje cikin iska, ta tarar da shi ya fara sandarewa. Gidanta da nisa daga rumfar, mijinta kuma yana can wurin aikin haƙar mai, ba mai taya ta ɗauka. Tun shekarar da itacen ya faɗo ta jawo motar nan ta ajiye, don hitarta ta fi duk wani abu da take da shi zafi. Maraƙi ya daskare, ta jefa shi ciki, ta murza makulli, kafin ta gama da uwar ya fara ɗaga kai. Bana 'yarta ta saya mata akwatin ɗumama maruƙa na gaske, mai aiki da lantarki, amma sai ƙasar da sanyi ya daskarar ta narke za a iya haƙa a ja masa waya. Shi ya sa za ta rabu da motar, sai dai ba za ta bar gonar ba sai saniyar ƙarshe ta haihu.

Arvid ya ce inji ba ya son ya yi ta aiki a tsaye. Twila ta ce ta sani, shi ya sa take canza masa baƙin mai kafin ta canza wa motar da take hawa. Ya ce shi dai sai ya ji tashinsa da sanyi.

"To ku zo duk safiyar da kuka ga dama," in ji ta. "In ba wadda ta haihu, za ku same shi da sanyi. Amma ku yi magana da shanun, ni ba sa jin tawa."

Muka koma Asabar ta gaba da sassafe, ɗumi. Muka sake komawa, wannan karon tagwaye ne a ciki, ɗaya ya ɗora haɓa a kan giya. Twila ta ba mu kofi a murfin fulas, ta tayar mana da injin ba don komai ba sai don mu ji. Ni dai a kunnena muryarsa sumul take, mai kauri, ba tari ba rawa. Na saci kallon Arvid na ga ya karkata kai yana saurare, sannan ya yi sauri ya kawar da fuska kamar an kama shi yana leƙen tukunyar wani.

A hanyar dawowa ya ce ba rabonmu ba ce. Ya ce ya ji labarin wata can kusa da iyakar Montana, tafiyar yini guda, sai mu yi sammako. Sai na ji yana fito. Fito fa, a hankali, yana kaɗa yatsu a gwiwa. Mutumin da ya rasa mota mafi kyau da muka gani duk lokacin sanyin nan, shi ne yake fito. A nan na gane abin da ya kamata in gane tuntuni, cewa rashin samun ne ke yi masa daɗi, kuma raina ya ɓaci, ga haushinsa ga tausayinsa.

Na bari sai da aka kawo masa kek ɗinsa.

"Arvid, motar Twila zan saya."

"Ba mu ji ta da sanyi ba."

"Twila ta ji ta. A sanyin da ko kare ba a kora waje, kuma ba sau ɗaya ba. In ta ƙi tashi, maraƙi ne zai mutu."

"Wannan ai zancen mai sayarwa ne, direba."

"To shanun ma da su aka haɗa baki? Ka dubi kunnuwansu?"

Duk wanda ya tashi a nan ya san maraƙin da sanyi ya kama yana jariri, in ya rayu, bakin kunnuwansa ne ke bushewa su guntule, kuma haka zai ƙare rayuwarsa da gajerun kunnuwa. Garken da ake haihuwa cikin sanyi ba ya rasa irinsu. Na tsaya a jikin shingen Twila na bi shanunta da ido, manya da ƙanana, kowacce da kunnuwanta cif. Kuma na san Arvid ya gani, don mutumin da zai hango ƙwayar tsakuwa a cikin buhun alkama ba zai wuce garke guda bai lura ba.

Ya juya kofinsa a kan teburi, ya ce motata ce, ni na san abin da nake so. Ranar ce kaɗai na ga ya tashi ya bar kek a faranti.

Daga nan Asabar ta zama tawa ni kaɗai, kuma ban ji daɗinta ba. In na gan shi a coci ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi Leland da tumatir, amma ba ya tambayar mota. Na yi ta tunanin ko na yi masa rashin kunya. Leland ya ce ban yi ba, ya ce dattijon ba injin yake jin tsoro ba, ranar da za a ce an samu yake jin tsoro. Na ce masa tun yaushe mai tumatir ya zama masanin zuciyar mutane. Ya ce tun da aka bar shi shi kaɗai kowace Asabar.

Ƙasa ta narke, hanyoyi suka zama taɓo, sannan suka bushe. Twila ta kira ta ce saniyar ƙarshe ta sauka lafiya, in zo in ɗauki kayana. Leland ya aro ƙaramar tirela a wurin maƙwabcinmu, ya ɗaura ta a bayan a-kori-kura muka tafi. Mun tarar ta kwashe ciyawar da bargunan, ta ma wanke cikin, amma warin maraƙi yana nan daram, kuma na san ba inda za shi. Muka daidaita a tsaye, ba ja-in-ja. Ta miƙo mini makulli ta ce yau kam injin sanyi ƙalau yake, rabonsa da aiki tun makon jiya, in tayar in ji abin da na daɗe ina nema.

Na riƙe makullin, hannuna har ƙaiƙayi yake. Sai na sa shi a aljihu na ce da igiya za mu ja ta. Leland ya dube ni kamar na zautu. Mota mai tashi, in ji shi, a ce sai an ja ta da hannu a hau da ita tirela? Na ce eh. Ya yi ta gunaguni yana murza mariƙin abin jan igiyar, Twila na tura baya tana dariya, don ita ta gane ba sai an faɗa mata ba. Da muka ɗaure ta, ta bubbuga bonet ɗin da tafin hannu yadda take yi wa shanunta, ta ce in na gama in zo in zaga da ita, tana so ta ji yadda injin nan yake in an sake shi a hanya.

Washegari da na tashi daga aiki na bi ta ɗakin Arvid. Na same shi yana kallon taga. Na gaya masa motar tana ƙofar gidana, ba wanda ya tayar da ita, ni ma ban ji ta da sanyi ba, kuma ba wanda zai taɓa makullin sai ranar Asabar da safe.

"Kin riga kin saya," ya ce. "In ta yi hayaƙi ma me za ki yi?"

"In ta yi hayaƙi ka samu abin yi mini dariya har ƙarshen rayuwarka. Ka zo dai, dattijo. Ni kunnena na jin ihun yara ne kawai."

Bai yi alkawari ba. Ya ce zai ga yadda gwiwarsa ta kwana.

Asabar ta zo da ɗan sanyin safiya, raɓa ta daskare a gilashin motar. Na dafa kofi, na fito na tsaya, na koma ciki, na sake fitowa. Leland na zaune a matakala yana yi mini kallon tsokana. Can sai ga Arvid ya ɓullo daga kwanar layinmu, yana dogara sanda, sanye da hular da yake sawa in za mu yi tafiya. Ya gaishe da Leland, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya zagaya motar yana duban inda itacen ya murƙushe. Sannan ya jingine sandarsa, ya ɗaga bonet, ya cire safar dama, ya ɗora hannu.

Ya daɗe a haka. Ina ganin har ransa yana jiran ya ji ɗumin da zai sallame shi.

"Da sanyi yake," ya ce. "Shiga ki murza. Leland, je ka baya ka duba mana hayaƙi."

Na shiga na zauna a kujera ɗaya tilo da ta rage, warin maraƙi ya rufe ni. In injin nan ya ƙwanƙwasa, ba motar kaɗai na rasa ba, na tabbatar wa Arvid ke nan cewa duk shekarun da ya yi yana rufe bonet daidai ya yi. Na murza makulli.

Ta tashi tun kafin in gama murzawa. Ta ɗan ɗaga murya yadda inji mai sanyi yake yi, sannan ta sauko ta daidaita, wannan muryar mai kauri da na ji a gonar Twila. Leland ya leƙo daga baya ya ce farin tururi ne kawai, shi ma ya wuce. Na fito na bar ta tana aiki.

Arvid bai ɗaga hannunsa ba. Ya karkata kai, ya runtse ido, ya sa fuskar nan da manoman garinmu suka yi shekaru suna tsoro. Ya saurari gaba, ya saurari baya, ya sunkuya duk da gwiwar tasa.

"Bel ɗin fanka ya tsufa," ya ce daga ƙarshe.

Na ce za a canza. Na jira sauran, amma babu sauran. Duk wanda ya taɓa kai wa Arvid alkama ya san in ya tsaya a kan aibu ɗaya ɗan ƙarami irin wannan, to ya yaba ke nan, bakinsa ne bai iya faɗa ba. Daɗi ya cika ni har na rasa abin yi, na kama goge gilashin motar da za mu farke.

Shi kuwa yana nan tsaye, tafinsa a kan murfin inji, injin yana ɗumama a ƙarƙashinsa. Duk lokacin sanyin nan ban taɓa ganin ya bar hannunsa a kan ɗumi ba. Na ce ko in kashe, ya ce in bar ta tukuna.

"Da a lokacina na same ta," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "da na ce tana warin maraƙi."

"Ai tana yi."

"Tana yi," ya ce. "Da na rufe bonet na tafi shan kofi."

Leland ya shiga gida ya fito da kofi da farantin kek ɗin da na saya jiya na ɓoye, ya ajiye a kan tamfol ɗin bayan motar. Arvid ya dubi kek ɗin, ya dubi ƙofar gareji da ke buɗe, inda gangar jikin da ya saya tun yana da ƙarfinsa take zaune da tumatir jere a kanta.

"Malam mai tumatir, a kwashe gonar nan daga kan motar mutane," ya ce. "Ke kuma direba, kashe ta. In ta huce da batir za mu fara, sai lagireto. Ki kawo kwalaye da abin rubutu, duk wayar da muka cire sai an ɗaura mata suna, ba na son aikin hauka."

Na kashe injin. Leland ya tafi kwasar farantansa yana mita. Arvid ya ɗaga hannunsa daga kan murfin, ya dubi tafin, sannan ya cire safar hagun ma, ya haɗa su biyun ya cusa a aljihu, ya ce in miƙo masa sifana.